Idan Garaya Ta Yi Shiru

Uwata,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu Almasihu, ina kuma roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin tarar da 'yan ɗakinku lafiya, da malamanku, da duk mai yi miki alheri a can wanda ban san sunansa ba. Abin dariya ne in gaishe ki a takarda, alhali daga gindin darbejiyar da nake zaune ina hango ki kina shanya kayan da za ki koma kwaleji da su gobe. Amma kin san halina. Sunan mahaifiyata gare ki, ko kiransa ba na iya yi, balle in zaunar da ke in yi miki doguwar magana. Zan cusa takardar cikin ledar ƙuli-ƙuli, don na san nan ne wurin da ba za ki kwana biyu ba ki buɗe ba.

Abin da ya zaunar da ni shi ne takardar da kika bari a cikin littafin waƙoƙina. Tun ranar Laraba na gan ta. Sistoci, matan nan masu keɓe kansu don hidimar Allah, suna so uba ya sa hannu cewa ya yarda 'yarsa ta je ta zauna da su bayan jarrabawar ƙarshe, ta fara koyon rayuwarsu. Ba ki ce mini komai ba, ni ma ban ce miki ba. Kwana huɗu muna gaisawa kamar baƙi biyu a tashar mota. Uwarki ce ta ba ni labari, ita ma sai da na yi kamar ban damu ba. Ta ce kuna ɓarar gyaɗa kika gaya mata: a Misa, sujadar ɗalibai a coci, ran da aka ba ki Zabura ki rera, kina tsakiyar baiti tsikar jikinki ta tashi, hawaye ya zubo, kika ji kamar an kira ki ta baya har kika waiwaya. Kuma wai tun daga ranar, duk sanda kika rera wannan waƙa, abin sai ya dawo. Uwarki tana faɗa tana murna tana share ido. Ni kuwa da na ji "duk sanda kika rera", sai na ture kwano gefe. Tuwon ranar ban gama shi ba.

Don ki gane abin da ya tsorata ni, dole in koma baya. Ki yi haƙuri da tsoho. Tatsuniya ce ta raine ni, ban iya shiga magana ta ƙofa ba sai na zaga ta bayan danga.

Kin san mu 'ya'yan Maguzawa ne, kin kuma san kakanki Tanko makaɗi ne. Abin da ba mu cika gaya muku ba shi ne irin kiɗan. Garaya yake kaɗa wa 'yan bori. Daga ƙauyukan Fulatan har Tudun Kaya, in za a yi wasa, shi ake aika wa da goro. Kowace iska da takenta, wato kiɗan da aka san ta da shi. In ya ɗauko taken, wadda iskar ke hawa ko daka take yi sai ta saki taɓarya. Kakarki mai sunanki tana cikinsu. Mace ce mai kunya wadda ba a jin muryarta daga zaure, amma na sha ganin idonta ya juye, tana magana da muryar da ba tata ba. In an gama, Baba ya sassauta hannu ya bar tsirkiya ta mutu, sai ta yi atishawa ta dawo hayyacinta, ta tambayi wa ya bar kaji cikin hatsi. Haka abin yake tafiya kullum: kiɗa ne ke kawo shi, atishawa ke fitar da shi. Na taɓa tambayar Baba ko shi ma yana jin abin da suke ji. Ya yi dariya ya ce shi aikinsa kallon ƙafa ne. In ya ga babban yatsan mutum ya fara motsi, ya san ya kama, sai ya matsa.

To ga kuskurena na fari.

Ina saurayi aka yi mini baftisma. A lokacin Fadan da ke zuwa mana, wato limamin cocinmu, Bature ne, mai Hausar littafi, wanda in ya gaishe ka sai ka ji kamar ana karanta maka sanarwa. Mutumin kirki ne. Ya gaji da jin muna jan waƙoƙin da aka juyo daga wani harshe kamar masu jan gawa, sai ya ce mini tunda gidanmu gidan kiɗa ne, in tsara wa ikilisiya waƙa da muryar ƙasarmu don bikin godiyar kaka. Na ji kaina ya kumbura. Na ari garayar Baba, na zauna bayan rumbu kwana uku. Kalmomi sun zo da sauƙi, duk na yabon Ubangiji ne, babu ko ɗaya da za a kushe. Murya ce ta ƙi zuwa. Can sai wata ta zo da kanta, mai daɗi, mai shiga ƙashi, na ce lalle wannan daga sama take. Ban tsaya na tambayi kaina inda na san ta ba.

Ranar Lahadi coci ya cika, dammunan dawa da kwandunan gyaɗa jibge gaban bagade. Baba bai shiga ba, bai taɓa shiga ba. Yana zaune waje a inuwa yana jiran garayarsa. Na fara. Baiti na ɗaya mata suka kama amshi. Baiti na biyu na ga wata tsohuwa, Tabawa, wadda ba ta daɗe da karɓar baftisma ba, tana rangaji. Na ce a raina, ka ga aikin Ruhu. Na ƙara matsawa. A baiti na uku Tabawa ta yi ƙara, ta daka tsalle ta faɗo da mazaunanta a tsakiyar hatsin godiya, ta fara kiran sadakar baƙar akuya da murya irin ta ƙato. Ashe taken Doguwa na sa wa kalmomin coci, iskar da Tabawa ta yi shekara talatin tana yi wa doki. Fada ya tsaya da hannu a sama yana tambaya cikin Hausarsa ko wannan baiwar Allah tana da farfaɗiya ne. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni kuwa tsoro ya hana ni tsayawa, sai kaɗawa nake yi.

Ranar ce kaɗai Baba ya taka cikin coci. Ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya zo a hankali ya ɗora tafin hannunsa a kan tsirkiya. Wuri ya yi tsit. Tabawa ta yi atishawa, ta duba zanenta ta tambayi wa ya zuba mata ƙaiƙayi. Baba ya karɓi garayarsa, ya ce da ni a hankali yadda ni kaɗai zan ji:

"Riga ka sauya mata. Ita kuwa ba riga take ji ba."

Uwata, ba cewa nake yi iska ce ta taɓa ki ba. Allah ya kiyaye, ko kusa. Abin da nake cewa shi ne jiki yana amsa kiɗa tun kafin hankali ya ji abin da ake faɗa. Ke da kike karatun waƙa kin fi ni sanin wannan, ku har suna kuka ba kowace dabara. Kin san inda za ki ja numfashi, inda za ki hau, inda za ki sauke murya a hankali mutanen layin gaba su fara laluben hankici. Wanda ya iya yi wa mutane haka ya iya yi wa kansa. Saboda haka kada ki ɗauki tashin tsikar jiki a matsayin shaida. Ki ajiye shi gefe da mutunci, kamar baƙon da ba a gama sanin daga inda ya fito ba. A ba shi ruwa, amma kada a ba shi makullin ɗaki tukuna.

Kuskure na biyu ya fi wannan kunya, kuma ko uwarki rabinsa ta sani.

Bayan abin Tabawa na gyara hannu, na koyi tsara waƙa da ba ta tsokano kowa. Na sami gurmi nawa na kaina. Sunana ya zaga ƙauyukanmu, in ana bikin baftisma ko aure har daga Kurugu ake zuwa ɗaukata a keke. Ina waƙa mutane suna kuka, ni ma ina kuka, in na sauko tsofaffi su kama hannuna su ce Allah ya zaɓe ni. Da aka faɗa sau da yawa sai na yarda. Na je na gaya wa Fada ina da kira. Ya yi murna, ya rubuta takarda, aka tura ni makarantar share fagen zama Fada, can kudu. Ranar tafiyata rabin ƙauye suka raka ni bakin hanya. Kakarki ta soya mini zabo biyu.

Da na isa, abu na farko da shugaban makarantar ya yi shi ne ya karɓi gurmina ya sa a sito, ya ce in bar shi ya huta tukuna. Kuma suna da doka: daga tashi har a gama karin kumallo ba mai magana, sannan sau ɗaya a wata a yi yini guda cur ba a cewa uffan. Na ce wannan ai ba komai. Uwata, a cikin shirun nan na saurara iya saurarawa. Ban ji komai ba sai kukan cikina, da wata 'yar murya da ke tambaya yaushe za a sake ce mini sannu da kiɗa. Wasu abokan karatuna, waɗanda in suka buɗe baki da waƙa ƙadangare ke barin bango, sai in ga sun fito daga shirun nan fuskarsu a sake, kamar waɗanda suka sha fura. Ni kuwa in fito kamar wanda aka tsare a ofishin 'yan sanda.

Akwai wani tsohon Fada a can mai kula da ruhinmu. Wata rana muna tafiya cikin lambu ya tambaye ni: in aka ce daga yau har mutuwata ba zan ƙara rera waƙa gaban mutane ba, zan zauna? Na ce zan zauna, da sauri, har da dafa ƙirji. Ya dube ni ya ce to madalla, ya ci gaba da tsinke busassun ganyen tumatir. Ya san ƙarya nake yi, na san ya sani. Mako uku bayan haka aka aike ni kai masara injin niƙa ranar kasuwa. Na ajiye buhun gaban mai inji, na hau motar doya mai zuwa arewa. Ban yi sallama da kowa ba. Ban san ko sun ci tuwo ranar ba. Gurmin ma can na bar shi.

Barin makarantar ba shi ne kuskuren ba. Ba ni da kira, kuma gara da na gane. Kuskuren shi ne ƙaryar da na yi wa tsohon nan, da fita ta bayan gida kamar ɓarawo. Da na ce masa, Fada, ba zan iya ba, da ya sa mini albarka ya raka ni tasha. A maimakon haka na dawo ƙauye ina gaya wa mutane ciwon ido ne ya koro ni, har ina ɗaura tsumma a goshi in rana ta yi zafi. Damina biyu ban taka coci ba don kunya.

Saboda haka ki ji wannan da kyau. In kin tambayi kanki tambayar da tsohon nan ya yi mini, kada ki amsa da sauri, kada ki dafa ƙirji. In kuma kin tafi wurin Sistoci kika zauna wata shida, ko shekara uku, kika ga ba nan ba ne, ki je ki gaya wa babbarsu da bakinki, ki fito ta ƙofar gaba da rana tsaka, ki hau mota ki zo gida. Ɗakinki yana nan. Ba wanda zai yi miki dariya. To, gwaggonki za ta yi, amma kwana biyu ne, kuma ita ko bishop ne ya zame a laka sai ta yi.

Na uku shi ne wanda har yau in na tuna sai in tashi daga inda nake zaune.

Da na koma coci bayan damina biyun nan, na koma da zafi, irin zafin wanda ke neman wanda zai ɗora wa laifinsa. Na ce kiɗa ne ya ruɗe ni, kiɗa ne ya kunyata ni, kuma tushensa duk garayar nan ce da ke rataye a ɗakin Baba. A lokacin bori ya riga ya fara mutuwa da kansa. Wasu danginmu sun musulunta, wasu sun bi mu coci, ba mai aiko da goro kuma. Tsoho ne kawai da kayan kiɗansa, yana ɗan taɓawa da la'asar in ya dawo daga gona. Wata rana yana gona na sauko da ita, na kai ta bayan rumbun da na tsara waƙar Tabawa, na taka ta da ƙafa har ta dagargaje. Ina yi ina addu'a, wai ina yi wa Allah aiki.

Da ya dawo ya tsuguna ya tsince guntayen ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance tsirkiyoyin biyu ya naɗe su a wuyan hannunsa. Na tsaya ina jiran zagi, har na shirya ayar da zan mayar masa. Ya ce:

"Ita ba ta yi maka komai ba. Abin da hannu ya gaya mata take faɗa."

Bai ƙara ɗaga maganar ba har ya bar duniya, bai kuma sake yin wata garayar ba. Amma duk inda ya zauna, yatsunsa suna kan gwiwarsa suna kaɗa abin da ba mai ji. Shekara goma sha ɗaya ina kallon yatsun nan.

Ranar da zai rasu, da hantsi, ya kira ni ya ce in yi masa waƙar nan tamu ta ranar Tabawa. Na ce Baba, ai an hana ta. Ya ce shi bai hana ba. Na rera masa a hankali, kalmomin yabon Ubangiji a kan taken Doguwa, ba kiɗa, muryata kawai. Na duba ƙafarsa, babban yatsa yana motsi. Da na gama ya ce a kawo ruwa. Har yau ban san ko na sha yake nufi ko na baftisma ba. Na ba shi ya kurɓa, ragowar na zuba masa a goshi cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Idonsa biyu, yana kallona, bai hana ba. Kuma bai yi atishawa ba. Na jira, Uwata. Bai yi ba.

Wannan ne ya sa ba zan ce miki Allah ba ya bi ta cikin waƙa ba. Ban isa ba. Wanda ya halicci kunne ya san hanyar shigarsa. Kada tsorona ya sa ki tsani baiwar da aka ba ki, kada ki taka taki garayar don uban da ya taka ta ubansa ya firgita ki. Mai yiwuwa ne abin da kika ji ran nan gaskiya ne daga farko har ƙarshe. In na faɗi gaskiya, wannan ma yana cikin abin da ke hana ni cin tuwo.

Akwai na huɗu, ƙarami a ido, kuma ke aka yi wa shi. Kina shekara biyar na fara ɗora ki a kan turmi a gaban coci don a hango ki kina waƙa. Kina kuka kina cewa ƙafarki ta gaji, ina ce miki saura baiti ɗaya. In aka yaba miki ni nake amsa godiya. Da kika ce za ki karanta waƙa a kwaleji, yayyenki suka ce wane aiki za a samu da shi, ni na tsaya miki, kowa ya ce Bulus uba ne mai fahimta. Ban sani ba ko fahimta ce, ko kuwa gurmin da na bari a sito nake aikenki ki ɗauko mini. Ki bincika wannan ma. In kin leƙa cikin kiran nan kika ga fuskata a ciki, ki fitar da ni. Ban aike ki ki gama abin da na gudu na bari ba. Buhun masarar nan nawa ne.

Shekaranjiya na kasa riƙe abin a cikina, na gaya wa Malam Jibo, da ya biyo da shanunsa ta gefen gonarmu. Kin san shekara arba'in muna tsokanar juna, yana ce mini arnen da ya yi boko, ina ce masa Bafulatanin da ya koyi noma da tsufa. Sai da na yi masa bayanin mece ce Sista: ba aure, ba 'ya'ya, ba gidan kanta, inda aka tura ta nan za ta. Ya jingina da sandarsa. Ya ce abu ne mai nauyi, amma shi bai ga laifin yarinyar da ta ce Allah take so ba, a zamanin da yara ke cewa waya suke so. Na ce ba wannan ne damuwata ba, damuwata ta yaya za ki san wa ke kira. Sai ya nuna mini garkensa. Ya ce duk wanda ya koyi irin fitonsa zai iya tashin 'yan maruƙan nan su bi shi har Karaye. Amma akwai wata tsohuwar saniya, in ta ji fito ba ta motsa ƙafa sai ta ɗaga kai ta ga mai yin sa. Ya ce in gaya miki ki ɗaga kai. Ya kuma ce in daina wannan fuska, wai ina tsorata masa shanu.

To ga abin da nake roƙo, roƙo ne ba umarni ba.

Azuminmu na kwana arba'in ya kusa. Kin san a cocinmu daga Larabar Toka ake rataye ganga, matan zumunta su kife tulunansu, ba a sake jinsu sai Ista. Ina so ke ma ki rataye taki. Ki je wurin shugaban mawaƙanku ki nemi hutun kwana arba'in. Zai yi ƙorafi, ya ce wa zai ɗauki Zabura. Ki ce masa Allah ya yi wasu makogwaron ban da naki. Ki koma layin baya, cikin masu muryar da ba a so a ji, ki yi Misa a nan ba wanda ya san kin zo. Ki riƙa zuwa ta ranakun mako, wadda ba waƙa, daga Fada sai tsofaffi uku da mai tari. Waƙar nan da ke tayar miki da tsikar jiki, kada ki rera ta, kada ki kunna ta a waya, ko a wurin wanki kada ki yi ta a hanci. In kin sami Asabar, ki je wurin Sistocin ba ranar biki ba, ranar da suke wanke gyambo a asibitinsu ko suke faɗa da 'yan aji uku. Ki nemi wadda ta fi tsufa, in da hali wadda ba ta iya waƙa ba, ki tambaye ta me ya riƙe ta shekarun nan duka. Kuma ki sami Fada ko Sista guda mai hankali ki riƙa gaya masa gaskiya, har da wadda ba ta da daɗin faɗa. Ni ba alƙalin wannan magana ba ne. Makaɗi ne ni, ɗan makaɗi, iyakar sanina ke nan.

In kiɗa ne ya kawo abin, cikin kwana arba'in zai yi atishawa ya fita, ki dawo hayyacinki, ki gama karatunki, ki koyar da yara waƙa, ki yi wa Allah hidima da muryarki kamar yadda dubban mata ke yi, kuma ba abin da ya ragu daga darajarki. In kuwa wuri ya yi tsit, tafin hannu yana kan tsirkiya, kika ji har yanzu ana kira, to ba garaya ba ce. Wannan kam ba ni da abin cewa a kansa, ko ni ko uwarki.

Bari in gaya miki abin da na gani jiya, tunda na fara tonon kaina. Da yamma na dawo daga gonar rani ta bayan coci, na leƙa ta taga don in ga ko an rufe. Kina ciki ke kaɗai, a benci na ƙarshe. Ba kya waƙa, ba littafi a hannunki, ko leɓenki ba ya motsi. Halin gidanmu ya motsa, na duba ƙafarki. Yatsanki yana nan a ƙasa shiru. Amma fuskarki irin ta mutanen nan ce da na gaya miki, masu fitowa kamar sun sha fura. Na janye a hankali na koma gona, na yi ta cirar ciyawar da na riga na cire. Tun Laraba nake tsoron kada ki ruɗu kamar yadda na ruɗu. Tun jiya kuma tsoron ya sauya, ya zama na kada ya kasance ba ki ruɗu ba. Autata ce ke. Na saba lissafa wa zai rera mini waƙa ran da zan ce a kawo ruwa, kuma Sista ba ta zuwa sai an ba ta izini. Wannan son kai ne, na sani, na kuma kai shi wurin furta zunubi. Kada ki sa shi a ma'auninki. Na faɗa ne don kada ki ji shi daga baya a bakin wani.

Takardar Sistoci tana naɗe a cikin wannan. Na yi niyyar riƙe ta har Ista, sai na ga in na yi haka na sake kai abin wani bayan rumbu ke nan. Na sa hannu. Amma a ƙasa akwai wurin da aka ce a rubuta rana, na bar shi fari. A gidan nan ni na sa ranar auren yayyenki mata duka uku, da goro da shawarar dangi. Taki ban sa ba, ba kuwa zan sa ba. In Ista ta wuce kina nan a kan bakanki, ki rubuta da hannunki ki kai musu. In ba haka ba, ki naɗe ƙuli-ƙuli da ita.

Na san halinki da ƙuli-ƙuli, mai yiwuwa ki buɗe ledar tun kafin ki shiga mota; in haka ne, gobe ki zauna a tsakiyar mota, ba bakin ƙofa ba. In direba yana gudu ki yi magana, kada ki ji kunya. In kun wuce Karaye ki kira uwarki, in kun sauka ki sake kira, don ba za ta ɗora tukunya ba sai ta ji. Man shanun da ke cikin gwangwani daga gidan Malam Jibo ne, ya ce ki yi musu addu'a irin taku, su ma suna yi miki irin tasu.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ki daga mugun direba da mugun aboki da mugun ji. Uwa Maryamu ta rufe ki da mayafinta. Ubangiji ya ba ki kunnen da ya fi na ubanki, ya ba ubanki haƙurin karɓar abin da za ki ji. In kin yi shirun nan, ki tuna da ni a ciki, da kakanki Tanko, da mai sunanki.

In kuma atishawa ta kama ki a mota gobe, kada ki fassara ta. Sanyi ne. Na sa miki citta a aljihun jaka.

Ni ne mahaifinki,
Bulus Tanko